Labarin Hadari da Guguwa, da Tauraron da ke Hangensu Daga Sama

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, musamman jama'ar Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa da sauran ƙasar Daura, ku sani babu babba babu yaro a cikinmu wanda bai san ta inda hadari ke ɓullo mana ba. Ko makaho ka tambaya zai ce maka gabas. Idan gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke cak, gumi ya dami kowa, to, sai mata su kwashe shanya, 'yan kasuwa su shiga naɗe tabarmi, makiyayi ya juyo da bisashensa. Wannan sani ne na gado, kuma na gaskiya ne. Aibinsa guda ɗaya, watau gajarta. Daga sa'ad da ido ya ga baƙin gabas zuwa sa'ad da iska za ta fara ɗaye kwano, sau da yawa ba ya kai sa'a guda. Mai gona mai nisa bai iso gida ba, wanda ya ci kasuwa yana tsakiyar hanya da amalanke, almajirai suna warwatse cikin gari.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne mu sanad da ku cewa hadarin da zai sauka Zango da almuru, akwai masu kallonsa tun kafin la'asar, yana can wajen Nguru, suna ganin girmansa da gudunsa da inda ya dosa. Za mu bayyana yadda suke ganinsa, da abin da ganin nan ke iyawa da wanda ba ya iyawa, sa'an nan mu faɗi abin da ya rage a wuyanmu.

Fasali na farko: asalin hadarinmu da tafiyarsa

Iska biyu ke rabon shekara a ƙasarmu. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya ƙayau, ita ce ta hunturu. Ɗaya kuwa tana fitowa daga kudu maso yamma, ta taso daga Tekun Atlantika ɗauke da laima. Idan bazara ta yi, sai mai laimar nan ta riƙa turowa arewa kaɗan kaɗan, tana kutsawa ƙarƙashin busasshiyar, har ta iso mana. Rana kuma ta gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi zafi ta tashi sama da laimarta, can ta tarad da sanyi, laimar ta dunƙule ta zama girgije. Girgijen hadari sosai yakan yi tsawo har kilomita 15 ko fiye, gindinsa ruwa, kansa ƙanƙara.

Idan ka ce: in dai laima daga kudu maso yamma take zuwa, don me hadari ke fito mana ta gabas? Sai mu ce: a bisa kanmu, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Ita ce ke kora gizagizan gaba, kamar yadda kogi ke tafiya da abin da ya faɗa cikinsa.

Hadarin nan ba a kanmu ake haifarsa kullum ba. Da yawa suna tashi ne da yamma a kan duwatsu, irin na Darfur da Azbin da Jos da Kamaru, waɗansu kuma a fili, wajen Tafkin Cadi da ƙasar Barno. Sa'an nan su jeru sahu guda daga kudu zuwa arewa, sahun da kan kai ɗaruruwan kilomita, su kama hanyar yamma kamar ayarin fatake, zango bayan zango. Abin da ke ba su tsawon rai shi ne wannan: ruwan da ke zuba daga girgijen yana ratsa busasshiyar iska, sai ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta faɗo ƙasa, ta bazu gaba da gudu. Ita ce iskar nan mai sanyi da jar ƙura da ke riga ruwa isowa, ita ce jagabar ayari. Kuma ita ce ke cusa kai ƙarƙashin iska mai zafi da ke gabanta ta ɗaga ta sama, sabon girgije ya haɗu a goshi yayin da tsohon ke mutuwa a baya. Da haka hadari guda kan kwana yana tafiya, wani har ya wuce kwana da yini. Wanda ya ga hotunan bangon ƙurar da ya rufe birnin Yamai ran 4 ga Mayu 2020, gari ya yi ja wur da rana tsaka, to, ya ga jagabar nan a cikakkiyar siffarta.

Gudun irin wannan hadari yakan kama daga kilomita 40 zuwa 60 a sa'a. Sai mu yi lissafi. Daga Nguru zuwa Zango, a miƙe kamar tashin tsuntsu, ya ɗara kilomita 200 kaɗan, watau tafiyar hadari ta wajen sa'a huɗu. Daga Gumel wajen sa'a biyu. Daga Magarya wajen sa'a guda. Daga Zango zuwa birnin Daura kuwa bai kai rabin sa'a ba. Waɗannan sa'o'i su ne jarin da muke magana a kansa.

Kada kuma wani ya ɗauka hadarin nan abin ƙi ne. Masana sun auna sun ga kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke sauka a wannan yanki namu na Sahel daga irin waɗannan manyan hadura yake. Geronmu da dawarmu da wakenmu da gyaɗarmu duk a bayansu suke. Abin da ke kawo abincin shi ne ke kayar da katanga, saboda haka ba mu da wata dabara sai mu san lokacin isowarsa mu kintsa.

Fasali na biyu: tauraron da ke tsaro

Ran 1 ga Afrilu 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, mutanen Amurka suka harba wani ƙarfe sama mai suna TIROS-1, ɗauke da na'urar ɗaukar hoto. Shi ne tauraron ɗan'adam na farko da ya yi nasarar aiko da hotunan gizagizai daga bisa. Sai dai shi mai kewaya duniya ne a kusa, ya leƙa wuri ya wuce, alhali hadari yana bukatar mai tsaro wanda ba ya gusawa.

Dabarar da aka samu ita ce a kai tauraro nisan kilomita kusan 36,000 a saitin tsakiyar duniya. A wannan nisa, kewayensa guda yana daidai da juyawar duniya guda, saboda haka mai kallo daga ƙasa sai ya ga kamar an kafe shi wuri ɗaya. Dalilin ke nan da ya sa farantin talabijin da ke kan soraye ake saita shi sau ɗaya a ɗaure, ba a bin tauraro da shi.

Wanda ke tsaron nahiyarmu sunansa Meteosat. Na farkonsu an harba shi cikin Nuwamba 1977, kuma mazauninsu yana bisa teku, kudu da ƙasar Gana, inda duk Afirka ke shimfiɗe gabansa kamar buzu. Hukumar da ke kula da su ta ƙasashen Turai ce, ana ce mata EUMETSAT, tana garin Darmstadt a Jamus. Na farkon suna aiko da hoto kowane rabin sa'a. Daga wanda aka harba a 2002 aka koma kowane minti 15. Sa'an nan ran 13 ga Disamba 2022 aka harba sabon samfuri, wanda ake kira Meteosat-12, mai ɗaukar hoton wannan fuska ta duniya kowane minti 10. Hukumomin yanayi na ƙasashen Afirka suna karɓar hotunan nan ta faranti, cikinsu har da NiMet ta Nijeriya wadda aka kafa da doka a 2003, da cibiyoyi biyu da ke Yamai, watau AGRHYMET wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, da ACMAD mai hidima ga nahiya baki ɗaya.

Fasali na uku: abin da ake karantawa a cikin hoton

Ka sani, ya kai mai karatu, tauraron nan yana da ido iri iri. Akwai mai gani da hasken rana kamar idonmu, wannan ba ya aiki da dare. Akwai kuma wanda ke auna zafin da kowane abu ke fitarwa, wannan dare da rana duk ɗaya ne a gare shi, kuma shi ne ya fi amfani gare mu, domin hadarinmu da yawa cikin dare yake tafiya.

Ga ka'idar karatun. Iska tana ƙara sanyi gwargwadon hawanka sama, kamar digiri 6 da rabi a kowane kilomita. Saboda haka sanyin kan girgije shi ke nuna tsawonsa, tsawonsa kuma shi ke nuna ƙarfinsa. Girgijen da kansa ya kai digiri 40 ƙasa da daskarewar ruwa, hadari ne. Wanda ya kai digiri 70 ƙasa da haka, hadari ne mai ban tsoro. Sai na'ura ta shafa wa kowane mataki na sanyi launinsa, ma'aikaci ya duba ya ga dunƙulen ya faɗaɗa cikin rabin sa'a, ya san yana ƙaruwa, ko ya ga ya fara yagewa, ya san yana mutuwa. Idan ya jera hotuna goma bi da bi, sai ya ga tafiyarsa, ya auna nisan da ya ci, ya ce in ya ɗore a haka zai kai wuri kaza da ƙarfe kaza.

Akwai wata alama da suke nema ƙwarai. Girgije idan ya kai iyakar hawansa yakan baje kansa ya yi faifai. Amma inda iskar da ke hawa ta fi ƙarfi, sai ta huda faifan nan ta yi tudu a bisansa kamar tozon sa. Ƙarƙashin tozon nan ne ake samun ruwa kamar da bakin ƙwarya, da ƙanƙara, da iska mai karya itace. Har ila yau akwai idon da ke rarrabe ƙura da girgije, da wanda ke nuna laimar da ke cikin iska tun girgije bai haɗu ba.

Sabon tauraron kuma ya zo da abin da na da ba su da shi, watau ma'aunin walƙiya. Idanu huɗu gare shi, suna ɗaukar hoto dubu a cikin daƙiƙa guda, suna ƙirga walƙiya dare da rana a kan Afirka da Turai. Fa'idarsa ita ce, hadari idan zai tsananta, walƙiyarsa takan yawaita farat ɗaya kafin ɓarnar ta sauka ƙasa.

Fasali na huɗu: guguwa iri uku

Kalmar guguwa a bakinmu tana ɗaukar abu fiye da ɗaya, ya kamata mu rarrabe. Ta farko ita ce guguwar rani, wadda ke tashi daga ƙasa da rana tsaka, sama tas babu girgije, ta yi ta juyi da kara da leda, jim kaɗan ta mutu. Ta biyu ita ce iskar goshin hadari da muka ambata, ita ba ta juyi, miƙe take busawa, kuma ita ce ke yi mana mafi yawan ɓarna. Ta uku ita ce wadda ke saukowa daga cikin girgije kamar hannun giwa, tana juyi, ta taɓa ƙasa ta riƙa niƙe abin da ta tarar. Ita Turawa ke kira tonado. Abin mamaki, wannan suna tun da fari matuƙan jiragen ruwa da matafiyan Turawa sun daɗe suna kiran hadarinmu na Afirka ta Yamma da shi, daga baya ya koma kan mai juyin. Ana gane bambancinsu ko bayan sun wuce: ta biyu takan kwantar da itatuwa duk fuska ɗaya, ta uku takan watsa su ko ta ina.

Gidan ta ukun nan shi ne tsakiyar Amurka, inda akan ƙirga wajen 1,200 a shekara. Dalili, can iska mai zafi da laima daga Tekun Meziko tana karo da busasshiya daga manyan duwatsun yamma da mai sanyi daga Kanada, ga kuma iskar sama mai tsananin gudu tana murɗa girgijen har ya riƙa juyawa. Wani masani ɗan Japan mai suna Fujita, wanda ya yi aiki a Jami'ar Shikago, shi ya tsara musu ma'auni a 1971, daga sifiri zuwa biyar, gwargwadon ɓarnar da aka tarar. An gyara ma'aunin a 2007, kuma matakin ƙarshe iskarsa ta wuce kilomita 320 a sa'a.

Wani lokaci ba guda ɗaya ke zuwa ba, sai su ɓarke kamar fara. Ran 3 da 4 ga Afrilu 1974, guda 148 suka sauka a jihohi 13, mutum fiye da 300 suka rasu. Daga 25 zuwa 28 ga Afrilu 2011 aka sami wajen 360, nan ma rayuka fiye da 300 suka salwanta, mafi yawa a jihar Alabama. Kafin waɗannan, ran 18 ga Maris 1925, guda ɗaya tak ta ratsa jihohi uku, ta yi tafiyar kilomita wajen 350, ta kashe mutum 695. A wancan zamani hukumar yanayi ta ƙasar ta hana ma'aikatanta ambaton sunan guguwar nan a cikin hasashensu, wai don kada jama'a su firgita, saboda haka ta sami mutane ba shiri. Wadda ta fi kowace kisa a tarihi kuwa a Bangaladash ta auku, ran 26 ga Afrilu 1989, inda aka ƙiyasta mutum 1,300. Nahiyarmu ma ba ta kuɓuta ɗungum ba, gama ran 3 ga Yuni 2024 wata ta faɗa wa garin Tongaat kusa da Durban a Afirka ta Kudu, ta rushe gidaje ta yi kisa.

A nan ne iyakar tauraro take bayyana. Shi kan girgije yake gani, guguwar kuwa tana ƙarƙashi, kuma faɗinta sau da yawa bai kai kilomita guda ba. Yana iya nuna cewa ga girgije mai tozo, ga walƙiya ta yawaita, wannan abin tsoro ne, amma ba ya ganin hannun giwar kansa. Saboda haka Amurkawa suka haɗa shi da wata na'ura ta ƙasa mai suna rada, wadda ke aika igiyar rediyo cikin girgije ta dawo mata da labarin ruwa da juyin iska. Suna da irinta wajen 160, ga tauraronsu na zamani, tun daga GOES-16 na 2016, mai iya ɗaukar hoton yanki guda kowane minti. Duk da wannan tanadi, gargaɗin tonado yakan riga ta da minti 10 zuwa 15 ne kawai. Mu kuwa a Afirka rada kaɗan ce ƙwarai, don haka tauraro ne babban madogararmu. Sai dai an yi mana sauƙi ta wani gefe: hadarinmu babba ne, tafiyarsa fuska ɗaya ce, ana iya hango shi da sa'o'i.

Fasali na biyar: abin da tsofaffin hotuna suka nuna

Hotunan Meteosat ba a zubad da su, ajiye su ake yi. Wani masani na Ingila, Christopher Taylor, da abokan aikinsa suka bi na shekara 35, daga 1982 zuwa 2016, suna ƙirga hadura masu tsananin sanyin kai a yankin Sahel. A 2017 suka buga sakamakon a mujallar Nature, cewa yawan irin waɗannan ya ninka sau uku. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin nan kuma yana ƙarfafa iskar da ke gina hadari.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san azabar rashin ruwa. 'Ya'yansu kuma ga shi suna ganin ta yawansa a lokaci guda. Ran 1 ga Satumba 2009 birnin Wagadugu ya sami ruwa fiye da milimita 260 cikin yini guda, alhali abin da ƙasar Daura ke samu a damina sukutum bai fi ninki biyu ko uku na wannan ba. A nan jiharmu, daren 15 ga Yuli 2018, ruwa ya sauka a Jibiya mutane suna barci, kogi ya cika ya shiga gari, fiye da mutum 40 suka riga mu gidan gaskiya, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka tafi. A daminar 2024 kuwa maƙwabtanmu na Nijar sun rasa mutum fiye da 300, kuma ran 3 ga Satumba na shekarar tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube saboda ruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mas'ala

Idan wani ya ce: ashe wannan ba shiga sanin gaibu ba ne? Sai mu ce: a'a. Mutum biyu ne, ɗaya yana gindin dutse, ɗaya yana bisa. Na bisa ya hango ƙurar ayari ya ce baƙi suna tafe, za su iso kafin faɗuwar rana. Bai san gaibu ba, abin da ya riga ya kasance ya gani, tsayinsa ne ya fi na ɗan'uwansa. Hakanan tauraron nan, girgijen da an riga an halitta yake gani. Kuma ba yau muka fara lura da alamu ba. Manomi yana duban zuwan shamuwa da zubar ganyen gawo, malamai suna lissafin taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kowane da kwanakinsa goma sha uku, ba wanda ya ce sun yi laifi. Amma saukad da ruwa, da inda zai sauka, da gwargwadonsa, wannan na Mai shi ne. Shi ya sa hadari kan taso gadan-gadan ya mutu a Babura, ko ya karkata ya zuba a Kazaure. Mai hasashe yana faɗin yanki ne da lokaci bisa rinjaye, ba ya ce maka gidan wane. Wanda aka gargaɗe shi sau biyu hadari bai zo ba, kada ya yi wasa da na uku.

Fasali na shida: abin da ya rage a wuyanmu

Labarin 2011 na Amurka yana da darasi. An hango ranar tun da kwanaki, an yi ta shela, duk da haka ɗaruruwa suka mutu, domin waɗansu saƙon bai kai gare su ba saboda wuta ta yanke, waɗansu kuma ba su da ɗaki mai ƙarfi da za su shiga. Gani daga sama rabin aiki ne. Hoton da ya tsaya a kwamfutar ofis a Abuja ko Yamai bai tsare rai ko ɗaya ba a Zango. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin kowane mutum a duniya ya shiga ƙarƙashin gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027. NiMet kuma tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassararsa cikin Hausa, tana kuma ba da na kwana uku uku. Wannan abin godiya ne. Abin da muke roƙo a ƙara shi ne gargaɗin sa'o'i, cikin Hausa bayyananniya, da sunayen garuruwa, a ce hadari mai iska ya wuce Gumel, mutanen Baure da Zango da Daura su shirya kafin isha'i, a sa shi a rediyo a kuma aika ta waya.

Mu kuma muna da hanyar isad da saƙo wadda ta girmi rediyo. Daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, ga mai shela, ga lasifikar masallaci, ga sarkin kasuwa, ga arɗo a ruga. A kowace unguwa a sami saurayi guda mai waya wanda aikinsa da damina shi ne bin sanarwar hukuma, ya gaya wa mai unguwa da liman. Wanda ke da ɗan'uwa a Maigatari ko Gumel ko Magarya, su yi alkawari, in hadari mai iska ya wuce ta kansu ya bugo waya. Wannan ba ya cin ko sisi sai kuɗin kira.

Tanbihi

Tun bazara a yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe magudanai, a ƙara wa kwano ƙusa, a sare reshen darbejiyar da ya rataya bisa ɗaki. Malaman tsangaya su san ɗakin da ya fi ƙarfi a unguwa, su nemi izinin mai shi tun da wuri, domin rumfar kara da zauren da ya tsage ba wurin kwanan yara ba ne a daren hadari. In sanarwa ta zo, a tara almajirai a ƙirga su, a kashe wutar karatu don kada iska ta kwashi garwashi, a ɗaga alluna da gafaka daga ƙasa.

Wanda hadari ya riske shi a daji, kada ya fake gindin itace guda tilo, kada ya tsaya kan tudu, ya ajiye garma da fartanya nesa da shi. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowane daƙiƙa uku kilomita guda ke nan tsakaninku. In ƙirgarka ba ta kai talatin ba, aradu tana iya kai gare ka, nemi ɗaki ko mota. Kada ka fito sai an yi rabin sa'a ba a ji cida ba. Kada a ratsa ƙorama da dare bayan ruwa, ko da ba a yi shi a garinku ba, gama ruwan wani gari ne ke cika ta. Masu gida a bakin kogi ko cikin kwari su san tudun da za su nufa tun kafin ranar bukata.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma kai maganar gaban mai unguwarsu kafin shuka ta yi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu ruwan da ƙasa za ta iya sha, Ya tsare mu da sharrin iska da aradu, Ya kiyaye yaranmu da dabbobinmu, amin.